Zan bar Sakkwato, ya zan yi da kunkuruna da hawainiya da akwatin shukokinsu?

Tambayar da wani ƙanenmu daga Mabera ya aiko ke nan, a taƙaice: ya samu karatu waje zai yi shekara huɗu, shina da kunkuru ɗaya a tsakar gida da ya kewaye mishi wuri ya shuka ciyawa, da hawainiya a kejin raga mai shukoki, da ƙananan kwaɗi uku irin masu manne wa ganye a akwatin gilas da ya cika da ƙasa da tsirrai. Hajiyarsu ta ce ba za ta yi jinyar ƙadangaru ba. Wai ya sayar da akwatunan daban dabbobin daban, ko ya kai su bakin gulbi ta Kwalkwalawa ya saki, ko ya ba wani abokinshi a Birnin Kebbi, kuma in can ɗin ne ya zai ɗauke su.

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sa a tahi lahiya a dawo lahiya. Hajiya ta yi gaskiyarta kuma ta kyauta da ta faɗa tun yanzu, gara haka da ta ce to don kunya, ka tahi, wata biyu a kira ka a ce hawainiya ta bushe.

Kar ka raba dabba da gidanta. Wanda zai karɓi kwaɗin shi zai karɓi akwatin, wanda zai karɓi hawainiya shi zai karɓi keji da shukokin. Na san lissahin da kake yi, gilas da fitila da tsirrai sun ci maka kuɗi, in ka sai da su ga mai kiwon kifin ado za ka maido wani abu, dabbar kuma ka ba da kyauta. To wanda ka ba kwaɗin kyauta ba akwati a ina zai sa su? A bokitin fenti zai sa su, ko robar wanka, kwana uku ya ji wari. Akwatin da ya shekara biyu da ƙasa a ciki ba kaya ba ne kamar kujera, abu ne mai rai. Saiwoyin shukokin sun kama, akwai ƙananan ƙwarin nan farare masu tsalle da kake gani in ka ɗaga busasshen ganye, da masu naɗewa in an taɓa su, su ke cinye kashin dabbar da ruɓaɓɓen ganye da fumfuna, shi ya sa ba ka taɓa kwashe kashin kwaɗo da hannu ba kuma akwatin bai yi ɗoyi ba. Wanga tsarin wata da watanni yake ɗauka kafin ya zauna, kuma shi ne zai rufa wa sabon mai kiwo asiri lokacin da bai gama koyo ba.

Amma hwa gida ɗaya za su sauka, ba akwati ɗaya za su yi tahiya ba. Nan mutane sunka fi yin ɓarna. An taɓa kawo min wata hawainiya da anka ɗauko daga Gusau tana cikin akwatinta yadda take, da dutse da reshe da komai, anka ɗora a bayan a-kori-kura. Rami ɗaya motar ta faɗa dutsen ya zame ya danne mata ƙafar baya da gindin wutsiya, ga gilas ya tsage daga ƙasa. Mai ita cewa ya yi ai ya ga kamar za ta fi natsuwa a inda ta saba. Ba ta yi sati ba.

Ita hawainiya ɗan kwali za ka samu, kamar na takalmi ko ya fi kaɗan, ka huda ƙananan ramuka a gefe, ka soka sanda siririya daga wanga gefe zuwa wancan ta kahu sosai yadda za ta riƙe da ƙahwahunta, ka shimfiɗa tsumma mai laushi a ƙasa ko da za ta faɗo, ka rufe. Duhu na sa ta barci, kuma barcin shi muke so. Ka daina ba ta abinci kwana ɗaya kafin tahiya amma ka fesa wa ganye ruwa sosai ta lasa ta ƙoshi, don hawainiya ba ta san shan ruwa a kwano ba, raɓa da ɗigon ruwa a ganye take sha. Wagga magana ka rubuta wa abokinka da manyan baƙaƙe, don ƙishirwa na iya kashe hawainiya a hannun sabon mai kiwo da kwanon ruwa cike a gabanta.

Kwaɗi kuma ƙaramar roba mai murfi, sabuwa, wadda ba a taɓa sa omo ko man girki ko magani a ciki ba, ka huda murfin daga ciki zuwa waje don kar kaifin hujin ya yanke su, ka sa tsumma mai tsabta da ka jiƙa ka matse. Ba ruwa tsundum ba, in mota na jijjiga ruwan zai dinga buga su da bango. Kwaɗo ta fata yake shan ruwa har ma da wani kaso na numfashinshi, duk abin da ke hannunka, basilin ne, turare ne, sabulu ne, gumi ne, cikin jikinshi zai shiga. Ka wanke hannu ka ɗauraye sosai ka jiƙa kafin ka kama, ko ka kora su cikin robar ba tare da ka taɓa ba.

Kunkuru shi ya fi sauƙin ɗauka kuma shi anka fi zalunta. Kwali mai ƙarhi ko baho daidai jikinshi yadda ba zai dinga zamewa ba, harawa ko busasshiyar ciyawa a ƙasa, cikinshi a ƙasa bayanshi a sama. Kar a kife shi, kar a sa shi a buhu a ɗaure, kar a sa shi a but. Huhun kunkuru a sama yake daf da ƙoƙon baya, in ya kife kayan ciki su danne huhun, in kuma cikin rana ne abin ba ya jimawa. Da safe kafin a tashi ka zaunar da shi a ruwa mai ɗan ɗumi da bai wuce haɓarshi ba kamar minti 20 zuwa 30, in an isa a sake, saboda in ya tsorata fitsari yake saki, kuma wanga fitsarin shi ne tanadin ruwanshi. Don Allah in abokinka ya ce zai huda gefen ƙoƙon ya ɗaura igiya kamar yadda muka taso muna gani a gidaje, ka karɓe abinka. Ƙoƙon nan ƙashi ne mai rai, haƙarƙari da ƙashin baya ne sunka haɗe, da jini da jijiya a ciki, shina jin zafi.

Yanzu akwatin gilas. Ban san girman naka ba amma mu ɗauka irin wanda aka fi haɗawa, tsawo santimita 90 faɗi 45, da tsakuwa da ƙasa kamar santimita 15. Wannan kaɗai lita 60 ne, in ya jiƙe ya haura buhun siminti nesa ba kusa ba, ba a sa nauyin gilas ɗin ba. Kuma gam ɗin silikon da anka haɗa kusurwoyin da shi nauyi a zaune yake ɗauka, ba murɗawa ba. Mutum biyu su kama baki da baki su ɗaga, ɗaya ya riga ɗaya, shi ke nan gindi ya tsage. Saboda haka kwana uku kafin ranar ka daina ba shukokin ruwa. Ka zura siririn tiyo ta kusurwa har cikin tsakuwar ƙasa ka zuƙe ruwan da ya kwanta. Ka cire duk dutse da kututture da kwano, duk abin da zai iya mirginawa. Shuka mai tsawo ka haƙo ta da ƙasar saiwarta ka sa a leda ko gwangwani, gajerun da sunka bazu ka bar su a inda suke. Busasshen ganyen sama da ƙasar da ke ƙarƙashinshi kamar kaurin yatsa huɗu ka kwashe a bokiti mai murfi da huji, nan mafi yawan ƙwarin suke, bokitin nan ka riƙe shi kamar dabba ta huɗu, kar ya zauna a rana. Ragowar in ya yi sauƙin da mutum biyu za su ɗauka ba nishi, a tura katako mai kauri ƙarƙashin akwatin a ɗaga katakon, ba gilas ba. A mota a sa tsohuwar katifa ko soso a ƙasa da gefe, a rufe da zane. Kabu-kabu kam ko da wasa, Keke ma in ba cikin unguwa ba ban yarda ba. Kejin hawainiya da yake raga ne kuma shukokin galibi a tukwane suke, wannan ba wahala, fito da tukwanen ka jera a kwali.

Lokacin tahiya ya fi duk wannan muhimmanci a garinmu. Kai ma ka san Afrilu da Mayu a Sakkwato, zafi na haura digiri 40 a inuwa, cikin mota da aka ajiye a rana kuwa ya wuce haka sosai. Waɗanga dabbobi ba su gumi, zafin jikinsu na wurin da suke ne, kwaɗin nan mintoci kaɗan za su yi a rufaffiyar mota. Birnin Kebbi ko ta Argungu ka bi ko ta Tambuwal da Jega tahiyar awa biyu da wani abu ce zuwa uku, to ku tashi ana idar da sallar asuba ku isa kafin rana ta yi ƙarhi. Dabbobin a kujera kusa da kai, ba a jikin taga ba, ba kuma daidai bakin esi ba. In za ka iya ɗaukar shatar mota ka ɗauka, motar haya da za a yi awa biyu a tasha ana jiran cikon mutum ɗaya ba ta yi ba. In da zaɓi ne da damina ko farkon kaka na fi so. Hunturu kuma akasin haka, sai hantsi, don sanyin asubar Disamba da Janairu na sa wa kunkuru mura, ka ga kumfa a hanci shina buɗe baki, kuma irin namu na Sahel ba ya kwanciyar sanyi kamar na Turai.

Batun kunkuru sai na ɗan tsaya, don shi ne ba na shekara huɗu ba. In irin wanda na zata ne, mai ruwan ƙasa da ƙayoyi a cinya, shi ne kunkuru mafi girma a duk nahiyar Afirka ban da na tsibirai, na uku a duniya cikin kunkurun tudu bayan na tsibiran Galapagos da na Aldabra. Namiji na iya wuce kilo 50 cikin sauƙi, kuma shekara 50 zuwa 70 ba abin mamaki ba ne a wurinshi. Wato wanda za ka ba yau, wataƙila ɗiyanshi ne za su gaje shi. Shi lambunshi ba ya ɗaukuwa kamar akwati, ramin da ya haƙa ya zama na gidanku. Abin da za ka iya shi ne ka sassaro ƙiri-ƙirin da ka shuka da ƙasarta fale-fale, a kai can a dasa tun sati biyu ko uku kafin shi ya iso, in ba haka ba ranar farko zai cinye ta har saiwa. Ka je da idonka ka ga gidan. Akwai inuwa? Katangar ta bulo ce ko ta laka? Don shina haƙa rami mai tsawon mitoci, kuma gindin katanga yake so, na ga inda ya zubar da katangar ƙasa da damina. Akwai kare? Kare na gwaguyar ƙoƙon ƙaramin kunkuru kamar ƙashi. Akwai wani namijin kunkuru a gidan? Maza biyu sai ɗaya ya kife ɗaya. Akwai rijiya ko shadda a buɗe? Sannan abinci, mu nan mun mai da kunkuru juji, guntun tuwo, ƙanzon shinkafa, ɓawon kankana, har ƙashin miya. Ciyawa ce abincinshi, ɗanya da busasshiya, da harawa, a ƙara da ganyen zogale, rama, sure, ganyen kabewa. Hatsi da nama na cikin abin da ke sa ƙoƙon ya yi tudu-tudu kuma su taɓa ƙoda. A duba gidan a tumɓuke tumfafiya da zaƙami da cini-da-zugu inda bakinshi zai kai.

To wa za ka ba? Abokinka na Kebbi na fi so a kan baƙo, amma abota ba ta ciyar da hawainiya. Ka tambaye shi ina zai samo gyare da fara masu rai duk sati har cikin rani, ba soyayyiyar fara mai yaji ta kasuwa ba, kuma ba wadda anka kamo a gonar da anka yi feshi ba. Ka tambaye shi ɗakin da zai ajiye su ana kunna maganin sauro? Ana yayyafa fiya-fiya? Matar gidan na turaren wuta a nan? Duk waɗanga na kashe kwaɗo da hawainiya, kuma ba wanda zai haɗa mutuwar da maganin sauron daren jiya. Wane ruwa zai fesa musu? Ruwan sama ya fi, na famfo a tara a buɗaɗɗen bokiti ya kwana ɗaya ko biyu kulorin, maganin da ake sa wa ruwan famfo, ya fita. In an ɗauke wuta kwana biyu ya zai yi, shina da sola? Matarshi ko mahaifiyarshi sun sani sun yarda? Wagga ta ƙarshe ita ke dawo da dabba, kai ma ga shi ita ta kawo ka. In ya amsa da kai bari kawai ba matsala, to da matsala. Wanda ya dame ka da tambaya har ka gaji shi ne mutuminka.

Kuma kar ka yi shelar kyauta. Ka shiga kasuwa wajen masu kayan magani ka ga busassun hawainiya da ƙoƙon kunkuru a shimfiɗe, daga wani wuri sunka fito. Mutum zai zo da fara'a ya ce ɗiyanshi ke so. Ka sa ɗan kuɗi ko na gilas da fitila ne, ka ce sai ka ga gida, masu wancan nufin da kansu za su janye. Kuɗin da ka kashe kam ba za su dawo ba, ka cire rai.

Sakin su a daji, a'a. Kunkurun da ya saba da mutane kafin la'asar wani ya tsince shi, hawainiya kuma ka san yadda yara ke yi da ita. Ban da haka dabbar da ta zauna a gida tana iya ɗauke da cutar da ba ta nuna ba ta kai wa na daji. A Amurka sun sha wahala da ciwon numfashi a kunkurun hamadarsu, kuma ana danganta yaɗuwarshi da na gida da mutane sunka dinga saki. Kwaɗi kuwa akwai wata fumfunar fata da anka gano a ƙarshen shekarun 1990 wadda ta ƙarar da nau'o'i da dama a Ostireliya da Amurka ta Tsakiya, kuma cinikin kwaɗi daga ƙasa zuwa ƙasa na cikin abin da ya yaɗa ta. Inda kawai zan sassauta, in kwaɗin nan kai ka kamo su a fadamar nan kusa, ba su jima ba, ba su taɓa haɗuwa da wani kwaɗon saye ba, to a mayar da su daidai inda anka ɗauko su da damina da yamma. In sayensu ka yi ba ka san asalinsu ba, ba inda za su. Ƙasar akwati ma haka, ba a zubar da ita a bakin ruwa.

Akwai halin da ni da kaina zan ce a raba dabba da ƙasarta. In wata dabba ta taɓa mutuwa a akwatin ba ka san dalili ba, ko kana ganin ƙananan ƙwari baƙaƙe ko jajaye na yawo a jikin hawainiyar, ko gudawa ta ƙi tsayawa, to wagga ƙasa ba abin gado ba ce. A ƙona ta, a wanke gilas, shukokin a wanke saiwarsu tas a sake dasawa. Kuma ko lahiyarsu ƙalau, kafin ka miƙa su ka kai ɗanyen kashinsu a duba tsutsar ciki, akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo nan cikin gari. In abokin naka na da wasu dabbobin irinsu, naka su zauna ɗaki daban da kayan aiki daban wata biyu zuwa uku. In da ƙananan yara 'yan ƙasa da shekara biyar a gidan ko mai juna biyu, ka gaya mishi maganar salmonela, ƙwayar cutar gudawa da zazzaɓi ce da ke zama a hanjin waɗanga dabbobi ba ta dame su ba, wanke hannu da sabulu bayan an taɓa, kuma ba a wanke kwanonsu inda ake wanke-wanke.

Kebbi cikin gida ne ba ka da damuwar iyaka, amma in wani ya ce a tsallaka mishi da su Ƙonni ta Illela, ko kai ka yi tunanin sa hawainiya a jaka ka hau jirgi, ka sani kunkurun nan da hawainiya duk suna cikin jerin CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, kuma Najeriya ta yi doka a 1985 kan cinikin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa wadda anka yi wa gyara a 2016. Ba takardar izini, ba fita. Ko a hanyar Kebbin ma ka riƙe 'yar takarda da ku biyu kunka sa hannu, me ka ba shi, yaushe ka same su, da sharaɗin in ya gaza ba zai sayar ba sai ya kira wane a gidanku.

Ka haɗa mishi da rubutu ɗaya na yadda kake yi, ranakun ciyarwa, sau nawa kake fesa ruwa, garin kalsiyam da kake barbaɗa wa ƙwari, da watan da ka sa fitilar UVB, wadda ke maye wa hawainiya hasken rana, don ita tana ci gaba da haske bayan ƙarhinta ya ƙare, wata 6 zuwa 12 ake canzawa, kuma hasken ranar da ya ratso gilashin taga ba ya maye gurbinta. In an isa a fara jera akwati yadda yake, a mayar da ƙasar bokiti da ganyen, a fesa ruwa, a bari ya lafa, sannan a saki dabba. Sati biyun farko ba ɗauka, ba kiran maƙwabta kallo. Hawainiya za ta yi duhu ta ƙi ci kwana uku ko huɗu, kunkuru zai dinga zagaye katanga shina neman hanyar gida, shukoki za su zubar da ganye, duk wannan ba komai. Abin tsoro shi ne hawainiya ta rufe ido da rana ko idon ya faɗa ciki, ko a gan ta a ƙasa tana tono, don in mace ce ƙwai take son yi ko ba namiji, tana bukatar ƙasa mai danshi mai zurhin kamar taƙi ɗaya da rabi, in babu ƙwan ya maƙale.

Shi ya sa nake so a yi wanga ƙaura wata ɗaya kafin tashinka ba daren tahiya ba, yadda in abin bai yi ba kana gari. Ka turo min hoton cikin kunkurun daga ƙasa da wutsiyarshi, da tsawon ƙoƙon a santimita, in gaya maka namiji ne ko mace da irin filin da za a tanadar mishi.